Komai Nisan Jifa: Daga Husufin Bussa Zuwa Taurarin Nijeriya

A daren 2 ga Satumba, 1830, mutanen Bussa ba su runtsa ba. Wata ya cika, gari ya yi haske fes, sai kawai aka ga wani duhu ya soma cin watan daga gefe guda. Kafin ka ce kwabo gari ya ruɗe. Masu ganga suka ɗauko ganga, masu ƙaho suka shiga busa, mata da yara suka fito da tasoshi suna kaɗawa, ga kuka ga salati, kowa ya ɗaga kai sama.

A cikin garin akwai wasu baƙi biyu, wa da ƙane, Turawan Ingila: Richard Lander da John Lander. Ba su daɗe da dawowa daga Yauri ba, inda suka share makonni suna roƙon Sarkin Yauri ya ba su takardun Mungo Park, wanda ya halaka a ruwan Bussa a 1806. Su ne suka rubuta labarin wannan dare, har da bayanin da aka ba su game da abin da ke faruwa. Wai tun fil azal an shata wa rana hanyarta, an shata wa wata tasa. To, shi wata ya daɗe yana ƙorafin cewa hanyarsa duk ƙaya ce da sarƙaƙiya. A daren nan sai ya saki tasa ya bi ta rana, ita kuwa ta cafke shi tana jan sa. Kiɗan da ihun duk don a tsorata rana ne ta sake shi ya koma inda ya fito.

Kada mai karatu ya yi saurin dariya. Mutanen nan sun riƙe abu guda wanda yake daidai: wata yana da hanya, kuma ranar da ya bar ta, duniya ta shiga uku. Tambayar da ta rage ita ce, me ke riƙe shi a kan hanyar?

Yau tsohon garin Bussa yana ƙarƙashin Tafkin Kainji. Amma in ka bi bakin tafkin, daga Wara ta ƙasar Ngaski zuwa Yelwa, ka haura har Shanga, za ka ga dish a kan rufin gidaje da gidajen kallo, kowanne ya ɗaga fuska sama ya kafe. Daga can ake sauko mana da finafinan Hausa da na Indiya da ƙwallon Turai. Kowa ya san wai akwai tauraron ɗan'adam a can. Amma me ya hana shi faɗowa? Ba Bahaushe ya ce komai nisan jifa ƙasa zai faɗo ba?

ABIN DA MALAMANMU SUKA SANI

Kallon sama ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Manomi ya san fitowar Kaza da 'Ya'yanta, matafiyi ya san Gamzaki, kowa ya san Zara matar wata. Ita kanta kalmar falaki, wato hanyar da tauraro ke kewayawa a kanta, daga Larabci muka samo ta, kuma ta zo a cikin Alƙur'ani mai girma. Musulunci ya koyar tun farko cewa husufi ba ya aukuwa don mutuwar wani ko haihuwarsa, salla aka ce a yi.

A ƙarni na 18 an yi wani malami Bakatsine, Muhammadu ɗan Muhammadu al-Kashinawi, wanda ya shahara a ilmin hisabi da na taurari har a Misira. A Alƙahira ya rasu a 1741. Haka nan a 1824, lokacin da Baturen nan Hugh Clapperton ya isa Sakkwato, ya fito da kayan awon taurarinsa gaban Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, sai ya tarar Sarkin ya san burujai da taurari da dama da sunayensu na Larabci. Da Clapperton zai dawo karo na biyu, cikin tsarabar da ya kawo har da littafin lissafi na Iƙlidis da Larabci. A wannan zuwan ne ya rasu a 1827, kuma yaronsa da ya binne shi shi ne Richard Lander ɗin nan da muka baro a Bussa.

Wato dai malaman falaki, namu da na sauran duniya, sun daɗe da sanin hanyoyin. Suna iya lissafa tsayuwar wata da lokutan salla. Wani Bajamushe, Johannes Kepler, ya ƙara gano a 1609 cewa hanyar ba da'ira ba ce cif, ta ɗan yi tsawo kamar ƙwai, kuma tauraro yakan ƙara sauri in ya matso kusa da rana, ya rage in ya yi nisa. Amma sanin hanya daban, sanin abin da ke riƙe matafiyi a kanta daban. Wannan sai a 1687, da Isaac Newton na Ingila ya fitar da littafinsa.

JIFAN DA ƘASA KE GUJE MASA

Abin da Newton ya ce bai da wuyar fahimta. Duk wani abu mai nauyi yana jan ɗan'uwansa, kuma gwargwadon nauyinsa gwargwadon ƙarfin jansa. Duniya tana jan mangwaron da ya tsinko daga reshe, tana jan ruwan Kwara ya gangara, kuma ita ce dai ke jan wata. Wasu kan kira shi maganaɗisun ƙasa, amma ba maganaɗisu ba ne, domin maganaɗisu ƙarfe yake kamawa, wannan kuwa bai bar dutse ba, bai bar auduga ba.

To, in duniya na jan wata, me ya sa bai faɗo mana a ka ba? Amsar ita ce: faɗowar yake yi, dare da rana, sai dai ba ya isowa.

Ka tsaya a bakin ruwa a Yelwa ka jefa dutse. Zai yi gaba, yana yi yana sunkuyawa, har ya faɗa ruwa. In ka ƙara ƙarfi, zai ƙara nisa kafin ya faɗa. Duk abin da aka saki, a cikin sakan na farko yakan faɗi kimanin mita 5, ko an jefa shi gaba ko an sake shi kawai. Wannan ɗaya ke nan.

Na biyu, duniya ba shimfiɗaɗɗiya ba ce kamar tabarma, mulmulalliya ce. Masunta sun ga alamar haka ko da ba su ba ta suna ba: a inda tafkin ya fi faɗi, wanda ke zaune cikin kwalekwale yakan hango kan tudu da kan itatuwan wancan ƙetaren, amma ba ya ganin bakin gaɓar, don ruwan da ke tsakani ya yi doro. An auna wannan doro. A duk tafiyar kilomita 8, ƙasa takan lanƙwashe ta yi ƙasa da kimanin mita 5.

Yanzu haɗa biyun. A ce ka sami hannun da zai jefa dutse ya ci kilomita 8 a sakan guda. A cikin sakan ɗin dutsen ya faɗi mita 5, ita ma ƙasar da ke ƙarƙashinsa ta kauce da mita 5. Tazararsa da ƙasa tana nan yadda take. Sakan na biyu haka, na uku haka. Yana faɗowa, ƙasa na zame masa, har ya kewayo duniya ya dawo ta bayan ƙeyarka. Wannan shi ne falaki. Ba rataye abin aka yi ba, jifa ne wanda saurinsa ya yi daidai da lanƙwasar duniya.

Wanda ya taɓa korar tsuntsaye a gonar shinkafa da majajjawa ya san sauran bayanin. Dutsen so yake ya tafi miƙe, igiya ce ke janyo shi tana tilasta masa kewaya. Ka saki igiyar, ya tafi abinsa. A sama, jan duniya shi ne igiyar. Da jan zai yanke, da wata ya miƙe ya ɓace. Da kuma gudun watan zai tsaya, da ya rufto mana. Tsakanin gudu da ja ake zaune lafiya.

Kilomita 8 a sakan fa ba wasa ba ne: kusan kilomita 29,000 ke nan a awa. Tsawon Tafkin Kainji ya kai wajen kilomita 135, amma mai irin wannan gudu zai ratsa shi daga kai har gindi cikin ƙasa da sakan 20. A nan ƙasa ba za a iya ba, iska za ta tare abin, ta ƙona shi. Shi ya sa roka ke fara ɗaga shi sama da iska, sa'an nan ta kwanta ta ba shi gudun a gicciye. Da ya samu, sai a kashe inji. Tunda babu iskar da za ta rage masa sauri, ba ya bukatar mai don ya ci gaba. Waɗanda suka kalli fim ɗin Indiya Mission Mangal na 2019 za su tuna inda Vidya Balan ta kawo misali da suya: in mai ya yi zafi, ko an kashe wuta zai ci gaba da soya abin da ke cikinsa. Misalin bai cika daidai ba, don shi mai yana hucewa, amma ya kama hanya.

Wani abin kuma, jan yana raguwa da nisa, saboda haka na nesa ba ya bukatar gudu kamar na kusa. Wata yana nesa da mu da kimanin kilomita 384,000, gudunsa kuwa kilomita 1 ne kacal a sakan. Faɗowar da yake yi a kowane sakan ba ta kai kaurin ƙwayar gero ba. Yakan kewaye duniya cikin kwana 27 da 'yan awoyi, amma da yake ita ma duniyar tana tafiya a nata falakin na kewaya rana, sai ya yi kwana 29 da rabi kafin ya sake tsayawa. Dalilin da ya sa watanmu ke yin 29 ko 30 ke nan.

Abin da ya faru a Bussa kuwa, wata bai saki hanyarsa ba ko da taki ɗaya. Hanyar ce ta bi da shi ta cikin inuwar duniya, lokacin da duniya ta shiga tsakaninsa da rana. Ba ya faruwa kowane wata domin falakin watan ya ɗan karkace da kimanin digiri 5, yawanci sai ya wuce ta saman inuwar ko ta ƙarƙashinta.

RANAR DA KANO TA YI MAGANA DA SAMA

Daga lissafin Newton zuwa ranar da ɗan'adam ya iya yin jifan, sai da aka shekara 270. Ran 4 ga Oktoba, 1957, Tarayyar Sobiyat ta harba Sputnik, wata ƙwallon ƙarfe mai nauyin kilo 83 da ɗoriya, tana kewaya duniya cikin minti 96. Ran 12 ga Afrilu, 1961, Yuri Gagarin ya zama mutum na farko da ya yi kewayen.

Amurka ta tashi haiƙan don ta kamo. Sai dai akwai matsala: kumbon da ke gudu haka, cikin 'yan mintoci yake ɓace wa tashar da ke magana da shi, ya faɗa bayan doron duniya. Dole a jera tashoshi a kewayen duniya, wannan ta miƙa wa waccan. Biyu daga ciki aka kafa a wannan yanki na Afirka, ɗaya a Zanzibar, ɗaya a Kano.

Ran 20 ga Fabrairu, 1962, John Glenn ya tashi daga Florida a cikin kumbon Friendship 7. Minti ashirin da 'yan kai, ga shi a sararin samaniyarmu yana magana da Kano. Ya shaida musu cewa yana hango ƙura ta turnuƙe a ƙasa, su kuma suka ce masa ai mako guda ke nan ana iska mai ƙarfi. Wato hazon hunturunmu ya gani daga sama! Ya kewaya duniya sau uku cikin ƙasa da awa biyar. Fim ɗin Hidden Figures na 2016 ya ba da labarin Katherine Johnson, baƙar fatar da Glenn ya nemi ta bi lissafin kwamfuta da hannu kafin ya yarda ya hau. Tashar Kano ta ci gaba da aiki har zamanin kumbunan Gemini, kafin a rufe ta.

Zamani ne da labarin sama ya cika rediyo da jaridu, har ya shigo adabinmu. A 1969, shekarar da aka sauka a kan wata, Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, labarin yaron da aka yi yawo da shi a sararin samaniya.

A nan ya kamata a gyara wani kuskure da finafinai suka dasa mana. In an ga 'yan sama jannati suna shawagi a cikin kumbo, sai a ce ai can babu jan duniya. Akwai shi. A tsayin kilomita 400, inda Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa take, jan bai ragu ba sai da kimanin kashi ɗaya cikin goma. Abin da ya sa suke shawagi shi ne, su da ɗakin da suke ciki da cokalin da ke hannunsu duk tare suke faɗowa, babu mai danne wani. A fim ɗin Gravity na 2013 akwai inda George Clooney ya saki igiya don ya ceci Sandra Bullock, ya yi ta nisa har ya ɓace. Wurin ya sa mutane hawaye, amma masana sun yi ta gunaguni, don bayan su biyun sun tsaya cik babu abin da zai ci gaba da fizgar sa. Ɗan ja kaɗan ya isa ya dawo da shi.

WAYAR ABUBAKAR DA SIRRIN DISH

Masu karatun littattafai za su ji daɗin wannan: wanda ya yayata dabarar da dish ɗinmu ke aiki da ita marubucin ƙagaggun labarai ne. A 1945, Arthur C. Clarke na Ingila ya rubuta wata maƙala a mujallar Wireless World. Ya ce tunda na kusa yana kewaya duniya cikin awa ɗaya da rabi, wata kuma sai ya yi kusan wata guda, to lallai akwai wani tsayi a tsakani inda kewayen zai ɗauki kwana ɗaya daidai. Tsayin shi ne kilomita 35,786 a saman layin da ya raba duniya biyu. Tauraron da aka ajiye a can yana gudun wajen kilomita 11,000 a awa, amma da yake tare yake juyawa da duniya, wanda ke ƙasa sai ya gan shi kamar an kafe shi da ƙusa.

Tauraron farko da ya yi aiki a irin wannan tsayi shi ne Syncom 2, wanda Amurka ta harba a Yulin 1963. Ran 23 ga Agusta na shekarar, Shugaba John Kennedy ya ɗaga waya a Washington, Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ya amsa a Legas. Muryar ta bi ta wani jirgin ruwan Amurka mai suna Kingsport da ke tsaye a tashar Legas, ta hau sama ta sauko. Wannan ne karo na farko a tarihi da shugabannin gwamnatoci biyu suka yi magana kai-tsaye ta tauraron ɗan'adam. Hirar ta 'yan mintoci ce, amma har ɗan damben nan Dick Tiger sai da aka ambata.

Saboda haka in ka ga mai ɗaura dish a Yelwa ya hau rufi yana juya faranti a hankali, wani na ƙasa yana kallon talabijin yana cewa "ƙara kaɗan, ya wuce, dawo," to wani ɗigo guda yake nema a sama. Taurarin tashoshin duk a jere suke a kan layi ɗaya da ya ratsa sama daga gabas zuwa yamma, ta ɗan kudu da tsakar kanmu. Da ya samu sai ya ɗaure ƙusa, an gama. Da tauraron na ƙasa-ƙasa ne irin kumbon Glenn, da kowane minti sai an bi shi da faranti.

RUWAN DA YA CI BUSSA

Shekara guda bayan wannan waya, a 1964, Abubakar ɗin dai ya aza harsashin madatsar ruwa ta Kainji. Bai ga ƙarshen aikin ba, an kashe shi a Janairun 1966. A 1968 aka toshe Kwara, ruwa ya taru ya koma baya har ƙasar Yauri. Tsohon Bussa ya nutse, tsibirin Foge ya nutse, gungunan da Gungawa suka gada kaka da kakanni suna noman albasa da gero suka tafi. Sama da mutum 40,000 aka tasa aka sake wa matsuguni.

Abin lura shi ne, ƙarfin da ke riƙe da Syncom a sama shi ne dai ke aiki a Kainji. An tare ruwa a bayan bango mai tsayin fiye da mita 60, a sake shi ya rufta ta cikin injuna, faɗuwarsa ta zama wutar lantarki. Can faɗuwa ce marar ƙarshe, nan faɗuwa ce da aka ɗaure aka sa ta aiki. Sai dai ba a raba amfanin daidai ba. Har yau akwai ƙauyuka a bakin tafkin da in za a kalli fim sai an tada janareta ko an dogara da sola, alhali gonakin kakanninsu ne a ƙarƙashin ruwan da ke haska birane.

NAMU TAURARIN

Nijeriya ta kafa hukumar binciken sararin samaniya, NASRDA, a 1999. Ran 27 ga Satumba, 2003, aka harba NigeriaSat-1 daga Plesetsk ta ƙasar Rasha. Wani kamfanin Ingila, Surrey Satellite Technology, shi ya ƙera shi, tare da horar da injiniyoyinmu. Na ɗaukar hoto ne, saboda haka aka sa shi ƙasa-ƙasa, wajen kilomita 700, yana kewayawa ta ƙuryar arewa da ƙuryar kudu ta duniya, ita kuma tana juyawa a ƙarƙashinsa kamar mai nuna masa kowane gefe nata. Faɗin abin da yake ɗauka a wucewa guda ya kai kilomita 600, wato Tafkin Kainji dukkansa ɗan tabo ne a cikin hoto ɗaya. Ya ɗauki hotunan ɓarnar guguwar Katrina a Amurka a 2005. An yi shi don shekara biyar, ya kai har 2012.

Na biyun shi ne ya bar baya da ƙura. A Mayun 2007 aka harba NigComSat-1 daga Xichang ta ƙasar Sin, na sadarwa, aka kai shi can layin Clarke. An ce zai shekara 15. A Nuwamban 2008, bayan wata 18 kacal, ya yi shiru. Jaridu suka ɗauka: tauraron biliyoyin naira ya ɓace! A majalisu da teburan mai shayi aka yi ta shaci-faɗi, wasu na cewa ya faɗo, wasu na cewa dama can babu shi.

Bai faɗo ba, bai kuma ɓace ba. Fukafukan da ke tara masa wuta daga hasken rana ne suka lalace, batir ya ƙare, ya mutu. Amma mutuwar inji ba ta tsayar da jifa. A wannan tsayi babu iskar da za ta rage masa gudu, saboda haka gawarsa na can tana kewaya duniya. Da jama'a sun san haka, da tambayar da za a yi wa hukuma ba "ina ya shiga?" ba ce. Da sai a tambayi wa ya duba ingancin aikin, me yarjejeniyar ta ce, wa zai biya. Rashin sanin yadda abu ke aiki yakan sa a yi fushi a inda bai kamata ba, a kuma yi shiru a inda ya kamata a yi magana.

An harba madadinsa, NigComSat-1R, a Disambar 2011. A Agustan shekarar kuma an riga an harba NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X, wanda injiniyoyin Nijeriya suka haɗa da hannunsu a Ingila.

ASHE DAI BAHAUSHE YA YI GASKIYA?

To, karin maganar fa, ta faɗi ke nan? Ba ta faɗi duka ba. A ƙasa-ƙasa akwai sauran iska 'yar kaɗan, kuma ita ke cin gudun tauraro sannu a hankali. In gudu ya ragu sai ya sauko, in ya sauko sai ya tarar da iska mai kauri, har ya kama da wuta. Sputnik wata uku ya yi ya ƙone a Janairun 1958. Tashar Skylab ta Amurka ta rufto a Yulin 1979, tarkacenta suka zuba a yammacin Ostireliya. Ita ma tashar ƙasa da ƙasa sai ana tunkuɗa ta sama lokaci-lokaci. Na can layin Clarke kuwa, in sun tsufa akan yi amfani da ragowar mansu a ɗaga su wajen kilomita 300 sama, a bar su a wani falaki da ake kira maƙabarta.

Akwai ma jifan da ya fi waɗannan nisa. Ran 3 ga Oktoba, 1962, wata bakwai da 'yan kwanaki bayan Glenn ya wuce ta Kano, wani dutse mai nauyin kilo 18 ya faɗo a gona a Zagami ta ƙasar Katsina, kusa da wani manomi. Bincike ya nuna ɓallen duniyar Mars ne. Wani karo ne ya fizge shi daga can, ya yi wajen shekara miliyan uku yana kewaya rana, sa'an nan hanyarsa ta haɗu da tamu. Komai nisan jifa!

Shi kuwa wata, ba faɗowa zai yi ba. Madubin da 'yan sama jannati suka bari a kansa ya nuna yana ƙara nisa da mu da kusan santimita 4 a shekara, kwatankwacin tsirar farce. Mutanen Bussa na iya kwantar da hankalinsu.

Abin da ya rage namu ne. Masuntan Kainji sun san ruwa biyu: farin ruwa na damina, da baƙin ruwa wanda ke isowa da hunturu. Shi baƙin ruwan, saman da aka yi a tsaunukan Gini ne, ya yi watanni yana ratsa Mali da Nijar kafin ya iso Yauri. Duk wannan tafiya ana ganin ta daga sama, haka ma hadarin da ke kawo farin ruwa. Amma a 2012 da 2020 ambaliya ta cinye gonakin shinkafa masu ɗimbin yawa a Jihar Kebbi. Hoton da tauraro ya ɗauka bai da amfani ga manomin fadamar Shanga in ya tsaya a kwamfutar wani ofis a Abuja. Sai ya zama magana da Hausa, a rediyo ko a waya, kwanaki kafin ruwan ya iso. Tauraron da ke kawo mana fim har ɗaka ba zai gaza kawo wannan ba, in an ga dama.

In mai karatu na son ya gani da idonsa, ya fita bakin ruwa bayan sallar magariba, ko gabanin asuba, a daren da sama ta yi garau. Ya ɗan jira. Zai ga wani ɗan haske yana ratsa taurari a natse, ba ya ƙyaftawa kamar fitilar jirgin sama, ba ya ƙara, cikin 'yan mintoci ya ƙetare sama, wani lokaci ma ya dushe tun bai kai gefe ba. Hasken rana ne ke dukan sa a can sama bayan mu ta faɗi mana, dushewar kuma inuwar duniya ya shiga. Wato ɗan ƙaramin husufi ke nan, irin na daren Bussa, sai dai wannan karon ba sai an fito da ganga ba.